Ba Azumi Ne Ya Kashe Dashen Ba

Bana azumi ya sake faɗowa a ƙarshen sanyi. An ce sai ya yi shekara talatin da uku kafin ya zagayo inda ya baro, amma ni ban jira kowa ya lissafa mini ba, gwiwoyina sun riga sun gaya mini. Tun da aka ga wata ruwa bai ɗauke a unguwarmu ta Barking a London ba. Ba irin ruwanmu na gida ba ne da zai taso da iska da tsawa, ya zuba ya wuce. Wannan yayyafi ne marar zuciya, ya wuni yana tsiyaya a jikin taga.

Ran biyar ga wata 'yata Amina ta dawo daga aiki ana dab da shan ruwa. A asibiti take, wajen ba da magani. Tana cire takalmi take ba mu labari wai shugabarta ta ja ta gefe, ta tambaye ta cikin ladabi ko za ta iya riƙe hankalinta a kan aiki tunda ba ta ci ba ta sha. Na ajiye dabinon da ke hannuna na ce, "Me kika ce mata?"

Ta ce, "It's fine, Abba. Damuwa ta yi da ni kawai."

Na ce to. Amma ranar ban ji ɗanɗanon kunu ba.

A wancan azumin na shekara talatin da uku baya, shekarata ashirin da tara. Na yi shekara shida ina aikin gandun daji kusa da Kaduna, ina renon dashen itacen turare da na fayin, itacen nan mai ganye kamar allura, kafin in samu hanyar zuwa London ƙaro ilimi. Kwana biyu a mako nake shiga aji, sauran kwanakin kuwa dole in nemi abin da za mu ci, don matata Hadiza tana tare da ni kuma tana ɗauke da cikin fari. Ɗaki ɗaya muke ciki, can saman wani tsohon gida a kudancin kogin da ya ratsa garin, kicin da banɗaki na kowa da kowa. Bangon ɗakin gumi yake yi. Idan ka jingina riga da shi da safe, kafin yamma ta fara warin funfuna.

Wata Juma'a a masallacin Regent's Park wani dattijo ya ji ina Hausa da wani, ya tsaya ya dafa ni. Gajere ne kakkaura, gemunsa fari fat. Sunansa Baba Isiyaka, mutumin zangon Kumasi, Hausarsa irin tasu wadda ba ta raba mace da namiji. Da ya ji aikin da na yi a gida sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan Najeriya, ashe ka san itace. Zo, akwai aikin dashe. Ƙasan ya yi sanyi, amma itace itace ne."

Haka na shiga. Bayan sallar asuba wata farar mota take ɗaukarmu kusa da Waterloo, mu yi tafiyar fiye da awa ɗaya har gidaje su ƙare, mu shiga ƙasa mai rairayi. Gonar ta wani attajiri ce da ba mu taɓa sa shi a ido ba. Wanda ke kanmu wani dogon Bature ne mai jar fuska, kullum da lofe a bakinsa ko da babu wuta a ciki, shi ya sa muke ce masa Mai Lofe. Mu tara ne. Turawa biyar, babbansu wani tsoho mai suna Fred wanda ya shafe rayuwarsa a aikin daji. Masu azumi mu huɗu: ni, Baba Isiyaka, da wasu 'yan Somaliya wa da ƙane.

Filin gangare ne. Ƙasansa ya sauka har bakin titi, wuri mai laushi, a share. Samansa kuwa ya haɗe da wani tsohon dajin fayin da aka sare bara, kututture birjik iyakar ganinka, ga rassa an tara tsibi-tsibi suna ruɓewa. Ranar farko Mai Lofe ya ja igiya ya raba filin biyu. Turawa suka samu ƙasa, kusa da mota da tukunyar shayi. Mu aka tura mu sama.

Aikin ba wuyar koyo gare shi ba, wuyar yi gare shi. Ka rataya jakar dashe a kafaɗa, kowanne bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. Ka kafa shebur ka tsaga ƙasa, ka zura saiwa, ka danne da dunduniya, ka yi taku biyu ka sake. Jakar a jiƙe take, ruwanta yana bin haƙarƙarinka yana gangarawa cikin wando. Kafin hantsi yatsunka sun daina jin komai. Nawa sun tsage a kowace gaɓa, Hadiza tana cika tsagar da man kaɗe idan na dawo. A gida na san azumin bazara, wanda ƙishirwa ke sa harshe ya manne da ganɗa. Azumin sanyi wata dabba ce daban. Ba ka jin ƙishirwa, amma cikinka ƙugi yake, sanyin kuma ya gane babu komai a ciki sai ya shige ya zauna a ƙashi. Ƙarfe goma Turawa za su kunna risho a bayan mota, iska ta kwaso ƙanshin shayi da soyayyen burodi ta hau da shi gangaren nan ta kawo mana har hanci. Ƙanen nan ɗan Somaliya yakan juya baya ya toshe hanci da hula.

Baba bai taɓa tsayawa ba. Shekara talatin ya yi yana renon dashen koko a ƙasarsu, kuma hannunsa ya nuna. Mu muna zura saiwa mu wuce, shi sai ya durƙusa ya baza ta da yatsa, ya tabbata ba ta lanƙwashe ba, ya danna ƙasa ta kowane gefe, ya ɗan ja kan dashen ya ji ya kama. Mai Lofe ya sha yi masa tsawa wai yana da nawa. Baba ya ce da ni, "Bar shi. Shi yana so a gama, ni ina so ya rayu."

Mukan sha ruwa a mota, a hanyar dawowa. Baba ne mai duba agogo. Idan ya ce bisimilla sai dabino ya zagaya, sannan filas ɗin kunun da Hadiza ta dama mini da garin shinkafa da tsamiyar da take samowa a shagon Indiyawa. Murfi ɗaya muke sha mu huɗu. A gida in tarar da tuwon samolina da miyar kuka. Kukar daga gida muka zo da ita a gwangwanin madara, tana ta ja da baya, har Hadiza ta koma auna ta da ƙaramin cokali tana haɗawa da alayyafo don ta kai mu Sallah.

Wajen tsakiyar azumi ne na fara ganin abin. Na hau can cikin kututturan in yi sallar azahar inda iska ba ta da ƙarfi. Da na sallame, ina zaune ina jiran ƙafata ta saki, sai na sa bakin shebur na ɓamɓare ɓawon wata saiwa da ta fito fili, don sabo kawai. A ƙarƙashinsa na ga hanyoyi cike da gari, da tsutsotsi farare masu jan kai, kowace ta lanƙwashe tana barci. Na je kututture na biyu, haka. Na uku, haka. Na tono ruɓaɓɓen ganyen da ke gindinsa, sai ga uban gayyar: ƙwaro baƙi-baƙi mai ɗigon rawaya, girmansa kamar ƙwayar wake, da dogon baki kamar hancin giwa. Ina taɓa shi ya naɗe ƙafafu ya yi likimo.

Na san shi, don makonni kaɗan kafin nan aka koya mana shi a aji. Ƙanshin ƙaron sabon sara ne ke kiransa. Ya yi ƙwai a saiwar kututture, tsutsarsa ta ci ta girma a can ƙarƙashin ƙasa, idan ta zama ƙwaro ta fito da yunwa. Abin da ya fi so kuwa shi ne ɓawon ɗanyen dashe, daidai wuyansa inda ya shiga ƙasa. Masu hankali sukan bar fili irin wannan ya huta wasu shekaru, ko su tsoma dashen a magani kafin a kafa shi. Na shinshina jakata. Babu warin magani ko kaɗan.

Na sauka na sami Mai Lofe yana jingine da mota, Fred yana kusa da shi yana wasa shebur. Na buɗe tafin hannuna na nuna masa. Na ce idan ɗumi ya shigo waɗannan za su tashi, kuma babu abin da ke tsakaninsu da dashenmu sai taku goma. Na ce ko a yi feshi, ko a bar tazara a saman filin.

Bai ko sunkuya ya duba ba. Ya cire lofen ya ce, "Nan ba Afirka ba ce. Ba mu da gara a nan."

Na ce ba gara ba ce, ƙwaron ƙasarku ne.

Ya ce, "Dashe aka ɗauke ka ka yi, ba lacca ba. Mai gona yana son ya ga filin nan kore kafin bazara. Koma bakin aikinka."

Na dubi Fred. Fred ya dubi sheburinsa.

Muka gama dashe kwana uku kafin Sallah. Muka yi idi a Regent's Park cikin yayyafi, Baba da farar riga da kwat a kai, ya zo ɗakinmu ya ci tuwo, ya sa wa cikin Hadiza albarka, ya ce, "Matanka zai haifi mace, ka gani." Bayan Sallah aka bar mu a aikin shinge, muna kafa waya saboda zomaye da barewa, muna cire ciyawa a gindin dashe. Rana ta fara leƙowa. Tsuntsaye suka cika dajin da surutu. Dashen suka fitar da sabon toho, kore shar, har na fara cewa ko na tsorata ne a banza.

Sai layin farko ya fara canza launi. Wanda ke dab da kututturan. Ganyen ya dushe, ya koma rawaya, ya koma ja kamar tsatsa. Na tumɓuke ɗaya na duba wuyansa. An gwaigwaye ɓawon an zagaye shi kamar an sa masa zobe, farin ƙaro ya bushe a kan raunin. Dashen da aka yi wa haka ya gama, ko da ganyensa na kore, don abinci ba ya sauka ruwa ba ya hawa. Na kafa tsinke a inda mutuwar ta tsaya. Bayan mako ɗaya ta wuce tsinken da layi uku. Ba a miƙe take tafiya ba. Inda aka bar tsibin rassa, ko inda ciyawa ta rufe gindin dashe ta yi inuwa, sai ta zuro harshe ta yi nisa cikin fili. Inda rairayi yake tsirara rana na dukansa, sai ta kauce ta bar 'yan tsiraru a tsaye, don ƙwaron ba ya son ratsa fili a buɗe. Da ƙafa yake tafiya, ya ci wannan ya gangara ga na gaba. Ko makaho ya shafa ya san daga ina abin ya taso da inda ya dosa. Amma duk abin da ya mutu zuwa lokacin a ɓangarenmu yake, saman igiya.

Na sake yi wa Mai Lofe magana sau biyu. Na biyun ko juyowa bai yi ba.

Ana saura mako ɗaya Babbar Sallah labari ya zo cewa wakilin mai gona zai zo duba aiki. Ran nan da safe Mai Lofe ya tara mu a bakin igiya. Yana riƙe da matattun dashe guda uku, ya riƙe su ta wuya yadda tafinsa ya rufe raunin. Ya ɗaga su sama ya ce kowa ya duba. Ya ce ƙasan igiya kore, saman igiya ja, ƙasa ɗaya, dashe ɗaya, ruwa ɗaya, to mene ne bambancin? Ya ce bambancin shi ne su wa suka dasa. Ya ce shi ba ya zagin addinin kowa, amma mutumin da ya wuni bai ci ba bai sha ba ba shi da ƙarfin danne ƙasa, kuma shi ne ya yi kuskure da ya bar mu muka yi aiki a haka. Ya nuna 'yan Somaliyan nan ya ce su ajiye kayan aiki. Ya nuna Baba ya ce shi ma, tunda shi ne babba kuma shi ya kawo mu.

Hannuna yana cikin aljihu. A cikin aljihun akwai kwalin ashana, a cikin kwalin akwai ƙwaro uku da na kama da safen nan a wuyan dashe. Ina jin motsinsu a yatsana.

Mai Lofe ya juyo gare ni. Ya yi murmushi ya ce, "Kai mai ilimi, kai zan bar ka, kana da amfani. Ko kana da magana?" Kafin in buɗe baki ya ƙara da cewa, "Af, yaya karatu? Takardar zamanka ta ɗalibi ce ko? Kwana nawa ta yarda ka yi aiki a mako?"

Ya san amsar. Na san ya sani. Na tuna Hadiza da cikin wata takwas a saman benen nan. Na fito da hannuna daga aljihu babu komai a ciki.

Baba bai yi gardama ba. Ya tsinko ciyawa ya goge sheburinsa tas, gaba da baya, ya jingina shi da mota. Mai Lofe ya ce ya jira yamma a mayar da shi gari. Baba ya ce ya gode, ƙafarsa lafiya take. Ya sa hularsa ya bi titi zuwa tashar jirgi, tafiyar fiye da awa ɗaya, 'yan Somaliyan suna bin bayansa. Bai waiwayo ya dube ni ba. Har yau ban san ko don fushi ne ko don kada ya kunyata ni ba.

Da na ba Hadiza labari tana tsaye tana tuƙa tuwo. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, lokacin da yake maganar, ƙwaron yana aljihunka?"

Na ce yana ciki.

Ta ci gaba da tuƙi. Ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ranar Sallah ta ƙulla soyayyen nama ta ce in kai wa Baba. Na je gidan da yake haya aka ce ya tashi, ba su san inda ya koma ba.

Aka haifi Amina a tsakiyar bazara. Bazarar shekarar ta yi zafi irin wanda ban zaci ƙasar nan tana da shi ba. Rairayi ya gasu har kana jinsa ta cikin takalmi, ciyawa ta bushe tana ƙaras-ƙaras, ƙudaje suna bin gumin wuya. Ƙanshin ƙaro ya cika iska har yana hawa kai. Mutuwar dashen ta ɗan lafa, Mai Lofe yana ta yawo yana fito. A watan Agusta tsutsotsin da suka wuni suka kwana a saiwar kututture suka gama girma, sabuwar runduna ta fito. Saman fili babu sauran abin ci. Suka ratsa gawarwakin dashenmu suka gangara. Igiya ba ta hana su ba. Cikin mako uku layukan Turawa suka fara ja, na Fred a gaba, waɗanda aka dasa da ciki cike da shayi da burodi.

Wata rana ina tsugunne ina duba wuyan wani dashe sai inuwar Fred ta rufe ni. Ya ce idan ina so in kama su da yawa, in yanko ɗanyen ɓawon fayin in kifa a ƙasa, in danne da dutse, in dawo bayan kwana biyu. Ya ce haka suke yi tun yana saurayi.

Na miƙe a hankali. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

Ya ce tun ranar da aka sauke dashen ya ga ba a tsoma su a magani ba.

Na ce, "Kana tsaye aka kori dattijon nan."

Ya ce, "Shekara biyu suka rage mini in huta, yaro." Ya ɗaga ido ya dube ni. "Kai ma ai kana tsaye."

Ban taɓa jin sha'awar dukan mutum kamar ranar ba, kuma abin da ya hana ni shi ne gaskiya ya faɗa.

Na kifa ɓawo a wurare goma sha biyu. Kowace safiya in ɗaga in kwashe abin da ya taru in zuba a kwalbar jam da na huda murfinta. Kafin mako ya zagayo kwalbar ta kusa cika, suna hawa kan juna suna ƙaiƙaya gilashi.

Mai gona ya ji labarin filinsa ya koma ja har bakin titi, sai ya turo wata mata masaniyar ƙwari. Ta zo da ƙaramar mota da dogon takalmi. Ta hau gangaren, ta tumɓuke dashe biyu, ta ɓamɓare ɓawon kututture ɗaya. Ba ta yi minti goma ba. Ta dawo ta shimfiɗa taswirar filin a kan mota, ta zana da yatsa yadda abin ya taso daga sama ya gangaro, ta faɗi sunan ƙwaron, ta ce bai kamata a dasa dab da sabon sara ba tare da magani ba. Kalma da kalma abin da na faɗa a cikin azumi.

Mai Lofe ya gyaɗa kai yana tsotsar lofe ya ce, "Abin da nake zargi ke nan tun farko."

Ban san lokacin da na buɗe kwalbar ba. Na juye ta a kan taswirar. Suka zubo kamar an ɓarar da wake, wasu suka yi likimo, wasu suka bazu suna bin layukan taswirar, wasu suka faɗa kan takalminsa. Matar ta ja da baya. Na ce da ita ta tambaye shi wa ya kawo masa wannan ƙwaron a tafin hannu tun watan Maris. Ta tambaye shi su wa ya kora, kuma me ya ce ya kashe dashen. Turancina yana karyewa, ban damu ba. Na juya gare shi na ce, "Ka ce azumi ne. A gaban mutanen nan ka faɗa. Yanzu a gabansu za ka ce ba azumi ba ne, kuma ka aika a kira Isiyaka ka gaya masa."

Ya karkaɗe takalminsa ya ce, "Wane ne Isiyaka?"

Ba wulaƙanci ya yi niyya ba, shi ya fi ƙona ni. Da gaske bai sani ba. Wata huɗu mutum yana durƙusa a gonarsa cikin ruwa da sanyi, bai taɓa riƙe sunansa ba.

Matar ta ce ita ƙwari aka turo ta dubawa, maganar ma'aikata ba huruminta ba ce. Ta karkaɗe taswirarta ta naɗe. Fred ya tafi bayan mota wai zai duba taya. Ni kuwa ban goge sheburina ba, na jefar da shi a nan na bi titi. Babu wanda ya kai ƙarata a kan takardar zamana. Daga baya na ji an sake dasa filin bayan shekara biyu, da magani, kuma Mai Lofe ne ya jagoranci aikin.

Sai da kaka ta shigo na gano Baba. Wani ɗan zango a masallaci ya ce mini yana shara a wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a gabashin gari. Na same shi da la'asar a ƙarshen dandamali, sanye da rigar aiki mai ƙyalli, tsintsiya a hannu ɗaya abin kwasar shara a ɗaya. Ya rame. Yana ganina ya washe baki ya ce, "Ɗan Najeriya! Matanka ya sauka? Mace ko? Ai na faɗa."

Na durƙusa na gaishe shi, mutane suna ratsa mu. Na ba shi labarin komai, har zuwan matar da abin da ta ce. Sannan na gaya masa abin da ya kawo ni. Na ce, "Baba, ranar da aka kore ka, shaidar tana aljihuna. Na yi shiru."

Ya ce, "Na gani. Na ga hannunka cikin aljihu. Kana da mata da ciki, me za ka yi? Tashi, ƙasan nan da datti."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun kafin ya kai tasha. Ya faɗe shi da sauƙi kamar mai ba da aron tsintsiya, ni kuwa na ji kamar ya ƙara mini dutse a ka.

Sai ya ce, "Amma ni ban taɓa ganin shi da kyau ba. Yaya yake?"

Akwai guda biyu da suka maƙale a murfin kwalbar, na taho da su a takarda. Ɗaya ya mutu, ɗaya yana da sauran rai. Na juye masa mai ran a tafin hannu. Ya kawo shi kusa da ido yana juya shi da ɗan yatsa. Ƙwaron ya naɗe ƙafafu.

Baba ya ce, "Wannan ɗan abu?"

Na ce, "Shi ne ya cuce ka, Baba."

Ya girgiza kai. Ya ce, "A'a. Wannan yunwa ya ji, ya ci. Bai yi mini ƙarya ba."

Jirgi ya shigo da iskarsa, mutane suka ɓarke daga ƙofofi. Ya jefa ƙwaron cikin abin shararsa, ya ce in gaida mai jego, ya bi bayansu yana tsince takardun da suka yar.

Shekarar da ta biyo ya koma Kumasi, bai daɗe ba aka aiko cewa ya rasu. Allah ya jiƙansa. Shi ya yafe wa kowa ya tafi abinsa. Ni ban kai shi yafiya ba, kuma na daina ƙoƙarin kamo shi.